Yadda za ka haɗa gungun kwamfutoci da Linux, ka kuma auna saurinsa na gaskiya

Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a harkar kwamfuta an gwada maganar an ga tana ci. A shekarar 1994, Thomas Sterling da Donald Becker, a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Amurka, suka jera kwamfutoci 16 masu furosesa 486, irin na gama-gari, suka haɗa su da kebul ɗin Ethernet, suka ɗora musu Linux, suka sa su aiki ɗaya tare. Sunan da suka ba aikin shi ne Beowulf. Tafiya ta yi tafiya, har ta kai ga cewa tun watan Nuwamba na 2017 babu ko ɗaya cikin kwamfutoci 500 na jerin TOP500, wato mafi sauri a duniya, da ba Linux take amfani da shi ba.

Sai dai karin maganar ba ta faɗi sharaɗinta ba. Yawa yana cin ƙarfi ne idan masu yawan ba su ɓata lokacinsu wajen jiran juna ba. Za ka iya haɗa kwamfutoci huɗu ka samu kusan ninki huɗu na sauri, za ka kuma iya haɗa su ka tarar guda ɗaya ta fi su gama aikin da wuri. Duka biyun suna faruwa, kuma abin da ke raba su shi ne nau'in aikin da kuma hanyar da ke tsakanin na'urorin. Don haka wannan jagora rabi haɗawa ce, rabi awo. Misalin da zan riƙa komawa gare shi shi ne gungu mai uwa ɗaya, wato kwamfutar da ke jagorantar sauran, da ma'aikata huɗu masu yin lissafin, kowace ma'aikaciya da ƙwayoyin furosesa (cores) 4 da RAM gigabait 16.

Mataki na 1: Ka san aikinka kafin ka taɓa kebul

Akwai aikin da yake rabuwa da kansa: hotuna 10,000 da za a sarrafa ɗaya bayan ɗaya, ko lissafi guda da za a maimaita sau 500 da lambobi daban-daban. Babu ɓangaren da yake buƙatar jin ta bakin ɗan'uwansa. Irin wannan ko da tsofaffin kwamfutoci da hanya mai nauyi zai ba ka riba, kuma ba ka ma buƙatar MPI, ƙa'idar aika saƙo tsakanin na'urori da za mu zo kanta a mataki na 4. GNU parallel, manhajar tashin ayyuka da yawa lokaci guda, ko jerin ayyuka na Slurm, mai tsara layin da ke mataki na 8, sun wadatar.

Akwai kuma aikin da ɓangarorinsa suke a sarƙe, kamar hasashen yanayi, ko kwaikwayon gudun ruwa da iska, ko warware manyan lissafai na matiriks. A nan kowane ɓangare sai ya karɓi sakamakon maƙwabcinsa a kowane zagaye kafin ya ci gaba. Wannan ne yake tona asirin gungu.

Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna iyakar abin. Idan kashi 5 cikin ɗari na lokacin manhajarka ba ya rabuwa, misali karanta fayil ɗin farko da rubuta sakamako, to saurin da za ka samu da ƙwayoyi p shi ne 1 a raba da (0.05 + 0.95/p). Da ƙwayoyi 16 za ka samu ninki 9.1. Da 64, ninki 15.4. Ko ƙwayoyi miliyan ka tara ba za ka wuce ninki 20 ba. Wannan kuma lissafi ne da ya ɗauka cewa aika saƙo tsakanin na'urori kyauta ne, alhali ba haka ba ne. Saboda haka ka fara gudanar da manhajarka a kan kwamfuta ɗaya, ka duba da `perf` inda lokaci yake tafiya. In kashin da ba ya rabuwa ya kai 20 cikin ɗari, gyaran manhajar ya fi sayen na'ura amfani, domin rufinka ninki 5 ne.

Mataki na 2: Kayan aiki

Ka yi ƙoƙari ma'aikatan su zama iri ɗaya: furosesa ɗaya, RAM ɗaya. A aikin da yake sarƙe, wadda ta fi kowa nawa ita ce take yanke saurin kowa, domin a ƙarshen kowane zagaye sai an jira ta. Uwar gungu tana buƙatar faifai babba da kafar sadarwa biyu, ɗaya ta fita waje, ɗaya ta shiga suwic ɗin cikin gida inda ma'aikata suke. Kada ka bi ta Wi-Fi ko da wasa. Ka duba cewa sandunan RAM suna cike duka hanyoyin da allon kwamfutar ya tanada. Sanda ɗaya a inda ake son biyu tana rage gudun RAM da rabi, kuma za ka ga illar hakan a mataki na 5. Ka kuma tanadi iska, domin furosesa idan ta yi zafi tana rage gudunta da kanta ba tare da ta sanar da kowa ba.

Mataki na 3: Ka mayar da kwamfutoci biyar kamar gida ɗaya

Ka zaɓi Linux guda, Debian ko Ubuntu Server ko Rocky Linux, siga ɗaya a kan kowace na'ura, ba tare da allon zane-zane a kan ma'aikata ba. Wanne ka zaɓa bai kai muhimmancin su zama iri ɗaya ba. Umarnan da ke ƙasa na dangin Debian ne.

Da farko sunaye. Ka ba kowace na'ura adireshi tsayayye, ka rubuta su duka a fayil ɗin `/etc/hosts` na kowace:

```
10.0.0.1   uwa
10.0.0.11  n1
10.0.0.12  n2
10.0.0.13  n3
10.0.0.14  n4
```

Akwai wani tarko a nan da ya cinye wa mutane da yawa yini guda. Debian da Ubuntu sukan saka layi mai ɗaura sunan na'urar a kan `127.0.1.1`. Idan ka bar shi, na'ura tana iya gaya wa 'yan'uwanta su same ta a wannan adireshi, kowace kuma ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta, aikin ya tsaya cak ba tare da wani saƙon kuskure mai ma'ana ba. Ka goge layin.

Na biyu, masu amfani. Ka ƙirƙiri asusu da lamba ɗaya a ko'ina, misali `useradd -m -u 2001 bincike`. Linux lambar yake dubawa, ba sunan ba. In lambobin sun saɓa, fayilolinka za su bayyana a matsayin mallakar wani.

Na uku, folda ta tarayya. A kan uwa ka saka `nfs-kernel-server`, ka ƙara wannan layi a `/etc/exports`:

```
/home 10.0.0.0/24(rw,sync,no_subtree_check)
```

Ka gudanar da `exportfs -ra`. A kan ma'aikata ka saka `nfs-common`, ka ɗaura `uwa:/home` a kan `/home` ta cikin `/etc/fstab`. Yanzu duk abin da ka harhaɗa sau ɗaya, kowace na'ura tana ganinsa a wuri ɗaya.

Na huɗu, shiga ba tare da kalmar sirri ba. Ka yi `ssh-keygen -t ed25519`, ka zuba abin da ke cikin `id_ed25519.pub` a `~/.ssh/authorized_keys`. Tunda `/home` na tarayya ne, an gama ke nan. Ka shiga kowace na'ura sau ɗaya da hannu domin ka amsa tambayar amincewa ta farko, in ba haka ba MPI zai maƙale yana jiran amsar da babu mai bayarwa.

Na biyar, agogo. Ka saka `chrony`, ma'aikata su riƙa saita lokacinsu da uwa. Kamar ƙaramin abu ne, amma `make` yana ruɗewa idan lokutan fayiloli sun saɓa, kuma Munge, wanda Slurm ya dogara da shi wajen tantancewa, yana ƙin karɓar takardar shaidar da lokacinta ya kauce.

Game da katangar tsaro, ka tsaurara ta a kafar uwa da ke fita waje, ka buɗe ta tsakanin na'urorin ciki, domin Open MPI yana zaɓar ƙofofin TCP ne yadda ya ga dama. Kuma tun yanzu ka koyi `pdsh` ko Ansible, masu aiwatar da umarni ɗaya a duk na'urori lokaci guda. Duk gyaran da ka yi da hannu a na'ura ɗaya ka manta da sauran, wata rana zai dawo maka a siffar matsalar da ba ka san mafarinta ba.

Mataki na 4: MPI da gwajin farko

MPI ƙa'ida ce ta aika saƙo tsakanin kwafin manhaja da ke gudana a wurare daban-daban. Sigarta ta farko ta fito a 1994. Open MPI da MPICH su ne buɗaɗɗun manhajoji biyu da aka fi sani masu aiwatar da ita. Ka ɗauki ɗaya ka tsaya a kanta. Abin da ka harhaɗa da `mpicc` na ɗaya, kada ka tashe shi da `mpirun` na ɗayar. Alamar wannan kuskure sananniya ce: kowane kwafi sai ya ce shi ne lamba 0 kuma shi kaɗai ne a duniya.

Ka saka `openmpi-bin` da `libopenmpi-dev` a ko'ina, ka rubuta fayil mai suna `mahalarta`:

```
n1 slots=4
n2 slots=4
n3 slots=4
n4 slots=4
```

Sai ka ce:

```
mpirun -np 16 --hostfile mahalarta hostname
```

Ya kamata kowane suna ya fito sau huɗu. Wannan ya tabbatar da SSH ne kawai, wato shigar nan ba tare da kalmar sirri ba ta mataki na 3. Sai ka gwada ƙaramar manhaja da take kiran `MPI_Allreduce`, domin a ga saƙo yana wucewa. Idan ta maƙale, mafi yawan lokuta Open MPI ne ya ga kafar sadarwa fiye da ɗaya ya bi wadda ba ta kaiwa. Ka nuna masa hanya da `--mca btl_tcp_if_include 10.0.0.0/24`.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa su ce gungu ya haɗu. Ya haɗu, amma ba ka san ko yana da amfani ba tukuna.

Mataki na 5: Awo daga ƙasa zuwa sama

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a auna gungu gaba ɗaya sai an auna kowane hawa nasa daban. Idan ka fara da babban gwaji ya ba ka lamba mara daɗi, ba za ka san wa za ka tuhuma ba.

*Na'ura ɗaya.* Ka duba `lscpu` ka ga ƙwayoyi na gaske nawa ne. Furosesa da yawa suna nuna zare biyu a kan kowace ƙwaya, sai ka ga 8 alhali 4 ne. A lissafi mai nauyi zaren na biyu ba ya ninka komai, wani lokaci ma yana jawo baya, don haka `slots` ya bi ƙwayoyi na gaske. Ka sa furosesa ta daina rage gudu don tsimin wuta da `cpupower frequency-set -g performance`.

Yanzu ka lissafa ƙarfinta na takarda. Ƙwaya mai AVX2, wato umarnan yin lissafi a kan lambobi da yawa a tare, da sassan FMA biyu masu ninkawa da tarawa a lokaci guda, tana iya yin lissafi 16 na lambobi masu bit 64 a kowane bugu. Ƙwayoyi 4, sau gigahaz 3, sau 16, ya ba da gigaflops 192 a na'ura ɗaya, wato lissafi biliyan 192 a daƙiƙa, 768 a gungun duka. Ka rubuta wannan lamba ka ajiye, amma kada ka sa ta a ranka.

Dalili kuwa shi ne RAM. Hanyoyi biyu na DDR4-3200 iyakarsu a takarda gigabait 51.2 a daƙiƙa. Ka ɗauki lissafi mai sauƙi irin `a = b + s*c` a kan dogayen jerin lambobi: kowane zagaye lissafi 2 ne, amma sai an motsa bait 24. Ka raba za ka ga bai kai gigaflops 4.3 ba, wato wajen kashi 2 cikin ɗari na 192 ɗin nan. Furosesa tana zaune ne tana jiran a kawo mata lambobi. Gwajin STREAM na John McCalpin shi yake auna wannan. Ka sa kowane jeri ya ninka girman kash na furosesa, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikinta, aƙalla sau huɗu, ka gudanar da shi da zare 1, 2, 3, 4. A kwamfutocin tebur sau da yawa lambar takan daina hawa tun kafin a kai ƙwaya ta ƙarshe. Idan manhajarka irin mai yawan ɗebo daga RAM ce, wannan na nufin kwafi 8 da aka baza biyu-biyu a na'urori huɗu suna iya fin kwafi 8 da aka cusa a na'urori biyu sauri. Ka maimaita gwajin a kowace ma'aikaciya. Wadda ta bambanta da sauran, ka buɗe ta ka duba RAM da fanka.

*Hanya tsakanin na'ura biyu.* Abu biyu ake aunawa, kuma mutane sukan kula da ɗaya su manta da wanda ya fi ciwo. Na farko faɗin hanya: `iperf3 -s` a n1, `iperf3 -c n1` a n2. A kan gigabit lafiyayye za ka ga kusan megabit 940 a daƙiƙa. In ka ga 94, akwai kebul ko kafa da ta faɗo zuwa megabit 100. Umarnin `ethtool` zai nuna maka wacce. Ka gwada kowace na'ura, kada ka gwada biyu ka yi wa sauran zato.

Na biyu jinkiri, wato lokacin da ƙaramin saƙo yake ɗauka kafin ya isa. Ka harhaɗa gwaje-gwajen OSU na jami'ar jihar Ohio, ka ce:

```
mpirun -np 2 --host n1,n2 ./osu_latency
```

A Ethernet na gigabit ta hanyar TCP, jinkirin yakan kai gomman maikurodaƙiƙa. A InfiniBand, hanyar sadarwa ta musamman da manyan gungu ke amfani da ita, yana wajen maikurodaƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Mu ɗauka ka samu 50. A cikin wannan ɗan lokaci, ƙwaya mai gigaflops 48 a takarda da ta yi lissafi miliyan 2.4. Kuma a wannan lokaci hanyar gigabit da ta ɗauki kusan kilobait 6. Ma'ana, duk saƙon da bai kai kilobait 6 ba, kuɗin buɗe baki ya fi na maganar kanta. Saƙo 1,000 masu bait 8 kowanne, idan ana jiran kowanne ya isa, za su ci milidaƙiƙa 50. In ka ɗaure su a saƙo ɗaya mai bait 8,000 ba za su kai kashi ɗaya cikin biyar na milidaƙiƙa guda ba. Ka kuma lura cewa RAM ta fi kebul ɗin gigabit faɗi da kusan ninki 400. Duk lokacin da lamba ta tsallaka daga na'ura zuwa na'ura, wannan tazarar ce take biya.

*Gungu duka.* Yanzu ne lokacin HPL, gwajin da ake jera TOP500 da shi. Ka harhaɗa shi da OpenBLAS, wani laburaren BLAS, wato na lissafin matiriks. A fayil ɗin `HPL.dat` lambobi huɗu ne masu muhimmanci. N shi ne girman matiriks, wanda yake cin bait 8 sau N sau N. Ana so ya cika kusan kashi 80 cikin ɗari na RAM: a gigabait 64 na ma'aikata huɗu wannan 51.2 ne, ka raba da 8 ka ɗauki tushen murabba'i, N ya zama 80,000. NB girman guntu ne, a fara da 192, a rage N zuwa 79,872 domin ya rabu da shi daidai. P sau Q dole ya zama adadin kwafi, kuma su kusanci juna: 4 da 4 ga kwafi 16. Idan N ya yi yawa har tsarin ya fara juye RAM a faifai, sakamakon zai rushe gaba ɗaya.

Ka kula da wani tarko: OpenBLAS yana buɗe zare da kansa. In ka tashi kwafi 4 a na'ura, kowanne ya buɗe zare 4, zare 16 ne suke kokawa a kan ƙwayoyi 4. Ko dai ka sa `OMP_NUM_THREADS=1` da kwafi 16, ko kwafi ɗaya a kowace na'ura mai zare 4, P da Q su zama 2 da 2:

```
mpirun -np 4 --hostfile mahalarta --map-by ppr:1:node:pe=4 \
  -x OMP_NUM_THREADS=4 --report-bindings ./xhpl
```

Ka gwada duka biyun. Ka fara da na'ura ɗaya da N ɗin da ya dace da ita, sannan biyu, sannan huɗu. Idan na'ura ɗaya tana kusa da ƙarfinta na takarda amma huɗu sun faɗi ƙasa sosai, hanya ce. Idan tun a ɗaya lambar ta yi ƙasa, laburaren BLAS ne ko zafi.

Ra'ayina game da HPL: gwajin lafiya ne, ba alƙawari ba. Yana yin lissafi mai yawa a kan kowace lamba da ya ɗebo, shi ya sa yake fito da na'ura fes. Babbar kwamfutar Fugaku ta Japan ta samu petaflops 442 a HPL, wato gigaflops miliyan 442, amma a gwajin HPCG, wanda ya fi kama da yadda manhajojin kimiyya da yawa suke yawo a RAM da hanya, 16 ta samu, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. In haka ta faru da na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki, to kada lambar HPL ta gungunka ta ruɗe ka.

Mataki na 6: Auna manhajarka ta gaske

Ka ɗauki aiki ɗaya mai girma tsayayye, ka gudanar da shi da kwafi 1, 2, 4, 8, 16. Kowanne aƙalla sau uku, babu wani da ke amfani da gungun, ka rubuta duka lokutan tare da sigar manhaja da umarnin da ka bayar. Lokacin bango ake aunawa, wato daga farawa zuwa gamawa, har da karanta fayil da rubutawa. Riɓanyar sauri S ita ce lokacin kwafi ɗaya a raba da lokacin kwafi p. Inganci kuma S a raba da p.

Abin da ka sa a matsayin "lokacin kwafi ɗaya" yana iya yin ƙarya. Gaskiyar ma'auni ita ce sigar manhajar mafi sauri da ba a raba ba, wadda aka harhaɗa da `-O2` ko `-O3`. Manhaja mai nawa tana nuna riɓanya mai kyau, domin lissafinta yana jan lokaci har jinkirin hanya ya ɓuya a ciki. Sannan ƙwaya ɗaya idan tana aiki ita kaɗai furosesa takan ɗaga mata gudu fiye da idan duka suna aiki, wanda yake sa ingancin ya yi kamar ya fi ƙasa da yadda yake.

Ga misali da na ƙirƙira domin a ga yadda ake karanta sakamako:

| Kwafi | Daƙiƙa | Riɓanya | Inganci | e |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 1000 | 1.00 | 100% | |
| 2 | 520 | 1.92 | 96% | 0.040 |
| 4 | 290 | 3.45 | 86% | 0.053 |
| 8 | 190 | 5.26 | 66% | 0.074 |
| 16 | 150 | 6.67 | 42% | 0.093 |

Jerin ƙarshe na teburin, wato e, ma'aunin Karp da Flatt ne na 1990: e = (1/S − 1/p) a raba da (1 − 1/p). Amfaninsa shi ne yana nuna maka inda za ka haƙa. Idan e ya tsaya wuri ɗaya duk da ƙarin kwafi, akwai ɓangaren da ba ya rabuwa, Amdahl ne yake magana. Idan yana hawa kamar a wannan tebur, asarar tana ƙaruwa da yawan mahalarta: saƙonni ne, ko jiran juna, ko cunkoso a RAM. Ka dubi layi biyu na ƙarshe kuma. An ninka na'urori daga biyu zuwa huɗu, an rage daƙiƙa 40 kacal. Mai aiki irin wannan guda biyu gara ya ba kowanne na'ura biyu su tafi tare su gama a daƙiƙa 190, da ya jera su a gungun duka su ci 300.

Akwai awo na biyu. A 1988 John Gustafson ya yi nuni da cewa wanda ya samu babbar na'ura ba ya tsayawa a ƙaramin aiki, faɗaɗa aikin yake yi. Don haka ka ninka girman aiki duk lokacin da ka ninka kwafi, ka ga ko lokacin zai tsaya inda yake. Dalilin da ya sa wannan yakan yi kyau yana da sauƙin gani. Idan kowane kwafi yana riƙe da dunƙule mai gida 100 a kowane gefe, yana lissafin gidaje 1,000,000, yana musayar 60,000 na fuskokinsa shida da maƙwabta, kashi 6 cikin ɗari. In ka ci gaba da yankawa har gefe ya koma 25, gidaje 15,625 ne, na musaya 3,750, kashi 24 cikin ɗari. Lissafi ya ragu, surutu ya ƙaru. Gungu mai hanyar gigabit sau da yawa ribarsa a nan take: ya ɗauki aikin da bai shiga RAM ɗin na'ura ɗaya ba.

Wani lokaci za ka ga riɓanya ta wuce adadin kwafi. Ba sihiri ba ne. Rabon kowane kwafi ne ya ƙanƙance har ya shige cikin kash. Haka kuma kada ka firgita idan lambobin ƙarshe na sakamako sun ɗan bambanta tsakanin kwafi 4 da 16. Tara lambobi masu ɗigo a kwamfuta yana sauyawa kaɗan idan jerin tarawar ya sauya. Amma in bambancin ya kai lambobin farko, kuskure ne a manhaja.

Mataki na 7: Gyara bisa abin da awo ya nuna

Ka fara da abin da ba ya buƙatar taɓa manhaja. Ka ɗaure kowane kwafi a ƙwayarsa da `--bind-to core`, ka gwada `--map-by node` da `--map-by core` ka ga wanne ya fi. A na'ura mai furosesa biyu, kowace tana da RAM ɗin da ya fi kusa da ita. Umarnin `numactl --hardware` zai nuna tsarin, kuma kwafin da yake ɗebo daga RAM na ɗaya ɓangaren yana biyan ƙarin jinkiri.

Sai faifai. NFS, wato folda ta tarayya da muka haɗa a mataki na 3, hanya ɗaya ce zuwa faifan uwa, kuma a ƙaramin gungu kebul ɗaya yake rabawa da saƙonnin MPI. Kwafi 16 suna rubuta ƙananan fayiloli a `/home` a kowane zagaye za su durƙusar da komai. Fayilolin wucin gadi su tafi faifan kowace na'ura, a kwaso sakamako a ƙarshe.

Idan ka kai ga taɓa manhaja, ka sa `MPI_Wtime` kewaye da sassan lissafi da na saƙo, ko ka yi amfani da mpiP, mai auna lokacin da kiran MPI ke ci, ka duba kowane kwafi daban. In ɗaya yana gama lissafi a makare sauran suna tsaye a `MPI_Allreduce`, lokacin zai bayyana kamar na sadarwa alhali rabon aiki ne bai yi daidai ba, kuma sabon suwic ba zai magance shi ba. In kuwa sadarwa ce da gaske, ka haɗe ƙananan saƙonni, ka cire `MPI_Barrier` da ba dole ba, ka yi amfani da `MPI_Isend` da `MPI_Irecv` domin a tura bayanan gefe, a ci gaba da lissafin tsakiya kafin su iso. Sai bayan duk wannan ne batun sauya hanya yake tasowa, kuma awonka zai gaya maka wacce: manyan saƙonni suna son Ethernet na gigabit 10, ƙanana masu yawa suna son InfiniBand.

Mataki na 8: Mai tsara layi

Da zarar masu amfani sun kai biyu, ko ayyukanka sun fi ƙarfin ka zauna kana gadinsu, ka saka Slurm, wanda aka faro a ɗakin bincike na Lawrence Livermore. `slurmctld` yana zama a uwa, `slurmd` a kowace ma'aikaciya. Fayil ɗin `slurm.conf` da makullin `munge.key` dole su zama iri ɗaya a ko'ina. Umarnin `slurmd -C` zai buga maka layin da ya bayyana kayan na'urar. Ka kwafe shi yadda yake, domin in ka rubuta RAM fiye da abin da take da shi Slurm zai cire ta daga aiki. Ga takardar aiki:

```
#!/bin/bash
#SBATCH --nodes=2
#SBATCH --ntasks-per-node=4
#SBATCH --time=02:00:00
#SBATCH --exclusive
mpirun ./manhaja bayanai.dat
```

Ka miƙa ta da `sbatch`, ka duba layi da `squeue`, lafiyar na'urori da `sinfo`. Layin `--exclusive` yana hana wani aiki raba na'ura da naka, kuma duk lokacin da kake awo dole ne. Lambar da ke gaban `--nodes` kuwa daga teburin mataki na 6 za ka ɗauko ta: a misalinmu 2 ce, inda inganci yake kashi 66 cikin ɗari, sauran na'urori biyun kuma su karɓi aiki na gaba a layi.